Izinin amfani da tsofaffin hotuna a Damagaram

Tsofaffin hotunan Damagaram iri biyu ne. Akwai na zamanin Turawa, tun daga shigar Faransawa garin a 1899 har zuwa 1926 da aka mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai, da bayan haka. Da yawansu suna gidajen adana tarihi na Faransa, musamman na Aix-en-Provence. Akwai kuma na gida, waɗanda masu ɗaukar hoto na unguwannin Birni da Zango suka wanke: hoton aure, na hawan sallah a ƙofar fada, na alhaji ranar dawowarsa. Irin waɗannan ake fitowa da su daga ƙasan adaka, gefensu ya yi ja, a miƙa wa masu tattara tarihin gari.

A doka, riƙe hoto daban, haƙƙin mallakarsa daban. Wanda ya gaji takardar hoton yana iya ajiye ta ko ya kyautar, amma ikon kwafa da bugawa da yaɗawa na wanda ya ɗauki hoton ne, in ya rasu ya koma ga magadansa. Nijar tana cikin Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallakar ayyukan fasaha, wadda ta ce kariyar hoto kada ta gaza shekara 25 daga ɗaukarsa, kuma tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, da Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. A cikin gida hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha. Faransa kuwa tana kare aiki har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka tsufan hoto kaɗai bai isa a ce ya zama na kowa ba.

Wahalar ta fi yawa a hotunan gida. Shagon ya rufe, fim ɗin asali ya lalace, wani lokaci hatimin da ke bayan hoton ne kawai zai nuna wanda ya ɗauka. Shi ya sa ya kamata a kwafi bayan hoto kamar yadda ake kwafar gabansa, a tambayi dattawan unguwa kafin a ce ba a san mai shi ba.

Sannan akwai haƙƙin waɗanda ke cikin hoton, wanda a Damagaram ya fi nauyi a zukatan mutane. Hoton matar aure da aka ɗauka a tsakar gida don danginta, ba daidai ba ne a wayi gari yana yawo a WhatsApp ba da sanin 'ya'yanta ba, ko da doka ba ta hana ba.

Izinin baki yana saurin jawo musu. Gara a rubuta takarda gajera mai ɗauke da sunan mai bayarwa, adadin hotunan, inda za a nuna su (baje koli, littafi ko intanet), sunan da za a rubuta a ƙasan kowanne, da ranar mayar da na asali. In za a sayar da littafin, a faɗi haka tun farko.