Ƙirƙirarriyar Basira da Yajin Aikin Hollywood na 2023

Yajin aikin da marubuta da 'yan wasan fim na Amurka suka yi a shekarar 2023 yana daga cikin rikice-rikicen ƙwadago na farko da aka sanya batun ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tunani da aikin ɗan Adam, a teburin sulhu. Ƙungiyar marubuta ta WGA ta ajiye aiki ranar 2 ga Mayu, ta koma bayan kwana 148, ita kuwa ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta bi sahu ranar 14 ga Yuli, ta shafe kwana 118. Rabon da su biyun su shiga yajin aiki tare tun 1960.

Albashi da kason ribar finafinan da ake haskawa ta intanet suna cikin ƙorafe-ƙorafen, amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda zai mallaki fuska da muryar ɗan wasa. Ƙananan 'yan wasa, irin waɗanda ake gani suna wucewa a kasuwa ko suna zaune cikin taro ba su furta ko kalma ɗaya ba, sun ji tsoron a ɗauki surar jikinsu da na'ura, a biya su ladan yini guda, sannan a ci gaba da sanya kwafinsu a finafinai ba tare da an sake nemansu ba. Kamfanonin shirya finafinai sun musanta cewa nufinsu ke nan. Yarjejeniyar da aka cimma a watan Nuwamba ta wajabta neman amincewar ɗan wasa da biyansa kafin a yi amfani da kwafinsa, idan kuma ya rasu sai a nemi izinin magada ko wakilinsa.

A ɓangaren marubuta, an amince cewa ba za a ɗauki na'ura a matsayin marubuci ba, ba za a tilasta wa marubuci yin aiki da ita ba, kuma dole kamfani ya sanar da shi idan rubutun da aka ba shi ya gyara na'ura ce ta samar. Sai dai tambayar da ta fi nauyi, wato ko ya halatta a horar da manhajoji da tsofaffin rubuce-rubucen marubuta, ba a warware ta ba. Ƙungiyar ta riƙe haƙƙinta na ƙalubalantar hakan ne kawai. A watan Satumba na 2024 gwamnan jihar Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sanya hannu a kan dokoki biyu da suka ba kariyar kwafin 'yan wasa, rayayyu da matattu, ƙarfin doka.