Asalin Ɗan Adam: Tambayoyi Kan Juyin Halitta, Ƙwayoyin Gado da Labaran Baƙin Sama

Shin da gaske masana kimiyya sun ce daga biri mutum ya fito?

Ba haka maganar take ba, duk da cewa a haka ta fi yaɗuwa. Abin da nazariyyar juyin halitta ta ce shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa tsatso ɗaya, wato wata halitta da ta rayu a Afirka kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, sannan zuriyarta ta rabu, kowane reshe ya kama hanyarsa. Saboda haka tambayar da ake yawan jefawa a muhawara, cewa in daga biri muka fito me ya sa har yanzu akwai birai, daidai take da tambayar mutum dalilin da ya sa ɗan baffansa yake raye. Charles Darwin, wanda ya wallafa littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859, bai tsaya a kan mutum sosai ba sai a 1871, kuma a nan ne ya yi hasashen cewa a Afirka za a samu kakannin farko, alhali a lokacin ba a tono ƙashi ko ɗaya a nahiyar da zai goyi bayansa ba.

Yadda sauyin ke faruwa ba abu ne mai wuyar fahimta ba: 'ya'ya ba sa zama kwafin iyayensu sak, kuma bambancin da ya taimaka wa mai shi ya rayu har ya haihu shi ne yake yawaita a zuriya. Cutar sikila misali ce da ake gani a jikin mutane. Wanda ya gaji ƙwayarta daga iyaye biyu yana fama da ciwo, amma wanda ya gaje ta daga ɗaya kawai yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yi yawa a yankunan da sauro ya daɗe yana kisa.

Waɗanne ƙasusuwa aka tono da ake kafa hujja da su?

Suna da yawa. A 2001 aka samu ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Toumaï a hamadar Djurab ta ƙasar Chadi, mai kimanin shekaru miliyan 7, kuma har yau masana na jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. Babu irin wannan jayayya a kan ƙasusuwan wata mace da aka raɗa wa suna Lucy, wadda aka tono a Hadar ta Habasha a 1974, mai shekaru miliyan 3.2, domin ƙugunta na mai tafiya a miƙe ne, ko da yake ƙwaƙwalwarta ba ta fi ta cimfanzi girma sosai ba. A Laetoli ta Tanzaniya kuwa sawun ƙafafu ne aka tarar a cikin tokar aman wuta da ta daskare shekaru miliyan 3.6 da suka wuce, babban yatsan a jere da sauran, ba a ware gefe irin na biri ba. Ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko, masu kimanin shekaru 300,000, su ne mafi tsufa da ake dangantawa da irin mutanen yau.

Me ilimin ƙwayoyin gado ya ƙara a kan wannan?

A ganina a nan hujjar ta fi ƙarfi, domin ƙashi yana karɓar fassara fiye da ɗaya, amma jerin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki, kowa zai iya sake karanta shi a ɗakin bincikensa. Kuromosom shi ne ƙunshin da DNA yake naɗe a ciki, kuma mutum yana da 46, wato tagwaye 23, yayin da manyan birai, cimfanzi da gorila da orangutan, suke da 48. In har tsatson ɗaya ne, dole a bayyana inda tagwaye guda suka shiga, kuma da an neme su an rasa, da nazariyyar ta shiga matsala babba. Kowane kuromosom yana da wani jerin haruffa, TTAGGG, da ke maimaita kansa a bakinsa biyu, sannan yana da maɗauri guda a jikinsa. Da aka duba kuromosom na 2 na mutum, sai aka tarar da wannan jerin na baki a tsakiyarsa, biyu suna fuskantar juna, tare da ragowar maɗauri na biyu da ya daina aiki, kuma ɓangarorinsa biyu sun yi daidai da wasu kuromosom biyu da ke rarrabe a jikin cimfanzi. Wato kuromosom biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya a jikin mutum. An bayyana wurin haɗuwar a 1991, tun kafin a kammala karanta ilahirin DNA na mutum a 2003.

To, ba wannan haɗuwar ba ce wasu ke cewa baƙi daga wata duniya ne suka yi ta?

Ita ce. Ra'ayin ya samo ƙarfi daga marubuci Erich von Däniken a 1968, da kuma wani marubucin, Zecharia Sitchin, wanda ya yi iƙirari a 1976 cewa allunan Sumeriyawa, mutanen dā na Mesofotamiya (Iraƙi ta yau), sun ba da labarin wasu halittu da ake kira Anunnaki da suka sauko daga wata duniya mai suna Nibiru suka ƙera mutum domin ya haƙa musu zinariya. Masana rubutun Mesofotamiya ba su yarda da fassararsa ba, masana taurari kuma ba su ga duniyar ba. Haɗuwar kuromosom kuwa ba ta buƙatar hannun baƙo, domin tana faruwa har gobe: kusan mutum ɗaya cikin 1,000 ana haifarsa da kuromosom 45 saboda biyu sun manne, kuma galibinsu lafiyarsu ƙalau. Dokin gida yana da 64, dokin dajin Mongoliya yana da 66, amma suna barbara su haifi 'ya'yan da su ma suke haihuwa.

Haka zancen jinin Rh negatif, da ake cewa alamar zuriyar baƙin sama ce, alhali abin da ya faru shi ne yawancin masu shi sun rasa ƙwayar gado guda mai suna RHD. Wata 'yar ƙaramar gawa mai tsawon santimita 15 da dogon kai, wadda aka tsinta a hamadar Atacama ta Chile a 2003, ta shekara da shekaru tana yawo a intanet a matsayin baƙon sama, har sai da binciken DNA na 2018 ya nuna jaririya ce 'yar mutane, mai nakasa a ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Abin da na lura da shi shi ne masu irin wannan ra'ayi ba sa faɗin abin da in an gano shi za su janye maganarsu. Duk sakamakon da ya saɓa musu sai su ce ɓoye gaskiya ake yi.

Su masanan ba su taɓa yaudarar jama'a ba?

An taɓa, kuma abin kunya ne. A 1912 Charles Dawson ya gabatar da ƙasusuwan Piltdown a Ingila a matsayin kakan mutum, manyan masana da dama suka karɓa hannu bibbiyu, har hakan ya taimaka wajen yin watsi da ƙoƙon kan yaron Taung na gaskiya da aka samu a Afirka ta Kudu a 1924. Sai a 1953 aka tabbatar cewa ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin orangutan, an goge haƙoran da magagari, an shafa wa ƙashin sinadari don ya yi kama da tsoho. Waɗanda suka tona asirin su ma masana ne, da gwajin sinadarai da madubin ƙara girma.

An ce kimiyya ta gano uwa ɗaya ga dukan mutane. Nana Hauwa'u ke nan?

Binciken 1987 na Rebecca Cann da abokan aikinta ya bi sawun wani ɗan ƙaramin DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai, ya kai ga mace ɗaya a Afirka kimanin shekaru 200,000 baya. Laƙabin Hauwa'u da aka liƙa mata ya jawo ruɗani, domin binciken bai ce ita ce mace ta farko ba, kuma akwai wasu mata da yawa a zamaninta. Malaman addini da yawa, Musulmi da Kirista, suna ƙin nazariyyar a kan halittar Annabi Adamu, wasu kuma suna karɓarta a kan sauran halittu su keɓe shi. Batun ruhi da manufar halitta kuwa ba abin da na'urar ɗakin bincike take aunawa ba ne.

Shin farare da baƙaƙe asalinsu daban ne?

A'a. An yi wannan da'awar a ƙarni na 19 don halatta bauta, amma DNA na kowane mutum biyu ya yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma bambancin gado ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka su-ya-su, saboda ƙaramin rukuni ne ya fita daga nahiyar kimanin shekaru 60,000 da suka wuce. Waɗanda suka fitan sun cakuɗu da mutanen Neanderthal, wani nau'in mutanen dā da ya ƙare, kamar yadda ayarin Svante Pääbo ya nuna a 2010, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2022, shi ya sa Turawa da mutanen Asiya suke ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na DNA ɗinsu.