Waiwaye: Yadda riƙo ya rikiɗe ya koma aikatau a Kano

Duk lokacin da aka ji an tare mota cike da 'yan mata a hanyar Daura, ko an tsayar da wasu a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da fasfo a hannu amma ba su san gidan da za su sauka ba, sai gari ya ɗauka. A rediyo a yi ta bugo waya, a Facebook a yi ta musayar yawu. Wasu su ce talauci ne, wasu su ce lalacewar tarbiyya ce, wasu kuma su dage cewa safarar mutane baƙuwar ɗabi'a ce da aka shigo mana da ita daga nesa. Wannan magana ta ƙarshe ta ƙara ƙarfi tun watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano a garin Anacha na jihar Anambra. Abin ya girgiza kowa, kuma ya isa ya girgiza. Sai dai ni da nake jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai mai bin unguwanni da ƙauyuka kan wannan matsala, akasarin yaran da muke cin karo da su ba sato su aka yi ba. Da hannun iyayensu aka miƙa su, kuma gidajen da muke samun su a ciki nan cikin birni suke.

Tsohon tarihin kowa ya san shi. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta ga cinikin bayi tare da na tufa da fata da gishiri, ayari kuma yana keta sahara da su ta Agadas har Tarabulus. Bajamushen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da cinikin yana ci. Turawa sun ci Kano a 1903, suka hana sayar da mutum a kasuwa, dokarsu kuma ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne. Sauran bayin aka bar su suna biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya bar shi ya yi aikin kansa, suna tara kuɗin fansar kansu, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Daga nan masu ba da labari sukan yi tsalle zuwa 2003, shekarar da aka kafa hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, kamar dai shekaru sittin da 'yan kai sun wuce babu abin da ya faru. A cikin waɗannan shekarun ne kuwa abin da nake gani kullum ya yi saiwa.

Bahaushe ya daɗe da riƙo. Ɗan fari kan tafi wajen kaka saboda alkunya. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta 'yar ɗan'uwanta. Amarya ta tare da 'yar zaman ɗaki. Yarinyar riƙo tana shara, tana wanke-wanke, tana talla, ba wanda ya ce hutu ta je yi, kuma tatsuniyoyinmu cike suke da marainiyar da ta sha wuya a hannun mariƙiya. Amma akwai haƙƙi a wuyan mariƙiyar da kowa ya sani: ci da sha da sutura, makarantar allo, sannan idan miji ya fito ita ce mai kayan ɗaki. Dangi na zuwa suna da biki, suna ganin jikin yarinya. In ta rame, akwai kawun da zai yi magana.

Shekarun 1970 ne suka kwance wannan ƙulli. Farin 1972 zuwa 1974 ya cinye amfanin gona da dabbobi a ƙasar Hausa, har mutanen Nijar suka yi ta kwararowa Kano. Ba a gama farfaɗowa ba cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar gyaɗa ta ɓace daga birni. Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kuɗin gyaɗa ne haraji, shi ne sutura, shi ne gado da kwanukan da uwa za ta jera wa 'yarta. Da ya ƙare, maza suka ƙara tsawon cin rani, mata suka zauna da 'ya'ya mata da tunanin yadda za a fitar da su kunya ranar aure.

A daidai lokacin kuma birni yana cika yana batsewa. Kano ta zama hedkwatar jiha tun 1967, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin nan da ake kira Udoji ya faɗa aljihun ma'aikata, masana'antu suna aiki a Bompai da Sharada. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 'yan matan birni da yawa suka sa yunifom, abin alheri ne babu ko shakka. Amma tulin wanki da rainon jariri ba su tafi makaranta ba. Sabbin gidaje a sabbin unguwanni, nesa da babban gida da ƙannen da za su taya aiki, suka shiga neman hannu.

Wadda ta haɗa mai nema da mai bayarwa ita ce dillaliya. Sana'arta tsohuwa ce kuma mai mutunci: tana shiga gida-gida wajen matan kulle da atamfa da kwanuka da 'yan kunne, ta sayar ta cire la'adarta. Ta san sirrin gidan birni, ta san yunwar gidan ƙauye. A hankali wasu daga cikinsu suka gane cewa kawo yarinya ya fi kawo atamfa riba, domin la'adar atamfa sau ɗaya ce, ta yarinya kuwa duk wata. Ba za a iya nuna rana ɗaya a ce ranar aka fara ba, shi ya sa tarihi bai kama shi ba. Amma a duba abin da ya sauya. Uwa ba ta san gidan da 'yarta take ba. Matar gidan ba dangi ba ce, ta biya kuɗinta, babu kayan ɗaki a wuyanta, babu kawun da take jin nauyi. Kuɗin aikin ba ya shiga hannun mai aikin, hannun dillaliya yake bi, abin da ya rage ya isa ƙauye. Sunan ne kawai bai sauya ba. Har gobe uwa za ta ce maka riƙo ta bayar.

Da wannan hanya ta buɗe, tsawaita ta bai yi wuya ba. Daga 1986 darajar naira ta fara zubewa, masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ido ya koma waje. 'Yan Kano-Jidda suka yawaita, a tafi Umara a ƙi dawowa, a zama takari. Dillaliya ta sami abokin sana'a, wato ejan, mai yin fasfo da biza da tikiti bashi. Mace ta sauka a karɓe fasfonta, zamanta a ƙasar ya rataya a wuyan kafilinta, wato wanda ya ɗauki nauyin bizarta, albashin watanni ya tafi biyan bashin da ba ta taɓa ganin lissafinsa a rubuce ba. Na kan tuna murgu idan matan da suka dawo suna ba ni labari. Tsohuwar hanyar ayari ma ta farfaɗo. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a saharar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara, akasari daga yankin Kance da ke can gaba kaɗan da Daura. Hausa suke ji kamar ni da kai.

Dokoki sun zo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 kan safarar mutane, dokar Najeriya ta 2003, sannan ta 2015 wadda ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, sai dokar kare yara ta jihar Kano a 2023. Muna aiki da su, sun kuma fitar da yara daga ƙangi. Amma idan muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan mai unguwa muka ce mun zo maganar safarar mutane, matan sukan ce Allah ya kiyaye, su nan babu ruwansu. Don haka mun daina fara magana da wannan kalma. Tambaya muke yi: wa ke da 'ya a birni, wane gida take, wa ke karɓar kuɗinta.

A wani ƙauye wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Jikarta mai shekara tara ta yi damina biyu a Kano.

Na ce, “Inna, a wace unguwa take?”

Ta ce, “'Yar nan, Hajiyar da ta kai ta ita ta sani. Mutuniyar kirki ce, duk sallah tana aiko mana da sabulu da turmin atamfa.”

Na ce, “Yaushe rabonki da jin muryarta?”

Ta yi shiru tana ƙirga da yatsu, sannan ta gyara mayafi ta ce a ba ta kuɗin mota, ƙafarta ƙafarmu. Kwana huɗu muka yi muna bin sawu a birni. Gidan da dillaliyar ta fara kwatanta mana sun ce yarinyar ta bar wajensu tun kafin azumi. A gida na uku muka same ta, tana wanke tukwane a bakin famfo, da goyon ɗan matar gidan a bayanta.