Musanta kisan ƙare dangin Yahudawa

Musanta kisan ƙare dangin Yahudawa shi ne iƙirarin cewa gwamnatin Nazi ta Jamus ba ta hallaka Yahudawan Turai kusan miliyan 6 ba a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko cewa an zuzuta adadin, ko kuma ba a yi amfani da ɗakunan iskar guba ba. Masana tarihi sun yi watsi da wannan iƙirari, domin hujjojin kisan sun fito ne daga takardun Jamusawan kansu, da shaidar waɗanda suka tsira, da amsa laifin jami'an Nazi a kotu.

Asali

'Yan Nazi ne suka fara ɓoye sawu. A takardunsu sukan sakaya kisa da kalmomi irin su "kulawa ta musamman". Daga 1942 suka riƙa tono gawarwaki suna ƙonawa, sannan suka tarwatsa ɗakunan guba na Birkenau, wani ɓangare na sansanin kisa na Auschwitz da ke Poland, kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso a watan Janairun 1945. Bayan yaƙi, Paul Rassinier da Robert Faurisson a Faransa suka yaɗa shakku. Wajen 1978 aka kafa cibiyar Institute for Historical Review a Kalifoniya, wadda ta yi wa musun ado da rigar bincike.

Dalilai

Tushen lamarin shi ne ƙiyayyar Yahudawa, wato zargin cewa sun ƙirƙiro labarin don samun diyya da tausayi. Akwai kuma masu son wanke aƙidar Nazi domin ta sake samun karɓuwa. A Gabas ta Tsakiya musun ya cakuɗe da rikicin Isra'ila da Falasɗinawa, kamar taron masu musun da aka yi a Tehran, babban birnin Iran, a 2006. Wasu kuwa rashin sani ne kawai, sun ci karo da batun a intanet.

Hujjojin masu musu

Sun fi kafa hujja da rahoton 1988 na wani Ba'amurke, Fred Leuchter, wanda ya ɓamɓaro bulo daga bangon ɗakunan guba na Auschwitz ya ce bai ga isasshen alamar sinadarin sayanayid, wato gubar da ke cikin iskar, ba. Kuskuren a fili yake. Sinadarin a fuskar bango kaɗai yake tsayawa, amma aka niƙe guntayen bulon gaba ɗaya, abin da ya tsarma sakamakon. Ya kuma kwatanta da ɗakunan kashe kwarkwata, alhali kwarkwata tana buƙatar guba mai yawa na tsawon sa'o'i, mutum kuwa kaɗan ke kashe shi cikin mintuna. Binciken da aka yi a birnin Krakow na Poland a 1994 ya gano sinadarin a ɗakunan iskar gubar.

Sukan kuma ambaci allon tunawa na Auschwitz mai cewa mutum miliyan 4 ne suka mutu a sansanin, wanda aka cire a 1990. Wannan ƙiyasin Sobiyet ne, kuma ba a kansa aka gina lissafin miliyan 6 ba. Adadin da aka amince da shi a sansanin kusan miliyan 1.1 ne. Saƙon da wani jami'in Nazi mai suna Höfle ya aika shi kaɗai ya lissafa mutum 1,274,166 da aka kai sansanonin kisa huɗu zuwa ƙarshen 1942.

Shari'a

A shekarar 2000 David Irving, marubuci ɗan Birtaniya da ya kai ƙarar ɓata suna saboda an kira shi mai musu, ya sha kaye a wata kotun Landan, inda alƙali ya tabbatar da cewa da gangan yake murɗe tarihi. Faransa ta haramta musun a 1990, haka ma laifi ne a Jamus da Ostiriya. Amurka ba ta hukunta shi saboda 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma masana sun rabu kan amfanin irin waɗannan dokoki.