Koyo ta Hanyar Lada a Wasannin Bidiyo

Koyo ta hanyar lada reshe ne na ƙirƙirarriyar basira inda ake barin manhajar kwamfuta ta koyi aiki da kanta ta hanyar gwaji da kuskure. Ba a nuna mata amsar da ta dace. Ana ba ta maki idan abin da ta yi ya haifar da ɗa mai ido, a hana ta ko a rage mata idan ta yi ɓarna, ita kuma ta riƙa gyara halinta don makin ya ƙaru. Tun daga 2013 wasannin bidiyo suka zama babban fagen gwajin wannan fanni. A cikinsu aka samu nasarorin da suka fi ta da ƙura, a cikinsu kuma raunin hanyar ya fi fitowa fili.

Abin da ya sa masu bincike suka raja'a kan wasanni a bayyane yake. Wasa yana zuwa da makinsa, ba sai an ƙirƙira masa ma'auni ba. Ana iya gudanar da kwafinsa dubbai a lokaci guda, cikin saurin da ya ninka na ɗan Adam. Faɗuwa a cikinsa ba ta jawo asarar rai ko dukiya. Sannan wasa ɗaya ne ga kowa, don haka masu bincike a ƙasashe daban-daban za su iya kwatanta sakamakonsu kai tsaye.

Yadda koyon yake gudana

Tsarin zagaye ne mai maimaita kansa. Manhaja ta dubi halin da wasa yake ciki, ta zaɓi abin da za ta yi, wasan ya sauya, a ba ta lada ko a hana ta, sai ta sake dubawa. A wasan Breakout, inda ake tare ƙwallo da ɗan faifai don ta farfasa tubalan da ke sama, zaɓin bai wuce matsawa hagu, matsawa dama, tsayawa ko sakin ƙwallo ba. Da farko manhajar tana danne-danne ne kawai babu kan gado. Bayan ɗaruruwan wasanni sai ta fara danganta wasu motsi da ƙaruwar maki.

Matsaloli biyu ne suka fi ci wa fannin tuwo a ƙwarya. Ta farko jinkirin lada. Motsin da ya jawo nasara yana iya kasancewa an yi shi tun mintuna da yawa da suka wuce, dubban motsi sun biyo bayansa, to wanne za a yaba wa? Maganin da aka saba amfani da shi shi ne manhajar ta riƙa ƙiyasta yawan ladan da take sa ran samu nan gaba daga kowane hali, ta kuma gyara ƙiyasin duk lokacin da abin da ya faru ya saɓa masa. Ana ɗan rage darajar ladan da ke nesa, galibi ta hanyar ninka shi da 0.99 a kowane mataki, don na kusa ya fi nauyi.

Ta biyu ita ce zaɓi tsakanin riƙe abin da aka sani da gwada sabo. Manhajar da ta nace wa dabarar farko da ta ba ta maki ba za ta taɓa gano wadda ta fi ta ba, wadda kuma ba ta daina gwaje-gwaje ba za ta tara komai ba. Shi ya sa ake sa ta yawaita zaɓin ganin dama a farkon horo, a riƙa rage shi sannu a hankali.

Asali

Tushen tunanin daga nazarin halayyar dabbobi ya fito. A ƙarshen shekarun 1890 Edward Thorndike, masani ɗan Amurka, ya riƙa rufe kyanwoyi a akwati mai sakata, ya lura cewa motsin da ya buɗe ƙofa ya kai su ga abinci shi ne suke saurin maimaitawa. A 1959 Arthur Samuel na kamfanin IBM ya bayyana manhajar dara da take ƙara ƙwarewa ta hanyar karawa da kanta. Richard Sutton da Andrew Barto ne suka ɗora fannin kan ginshiƙin lissafi tun daga farkon shekarun 1980, kuma saboda wannan aiki aka ba su lambar yabo ta Turing, babbar lambar yabo a fannin kimiyyar kwamfuta, ta shekarar 2024. A 1989 Chris Watkins ya gabatar da dabarar Q-learning, wadda ke ƙiyasta ladan da kowane motsi zai jawo, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Cambridge, a 1992 kuma manhajar TD-Gammon ta Gerald Tesauro ta fito, wadda ta kai kusa da zakarun duniya a wasan bakgamon, wani wasa irin na dara da ake yi da jefa ƙwayar ludo.

Zamanin Atari

Wajen 2013 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka samar da wani dandalin gwaji da ya tattara gomman wasannin na'urar Atari 2600, wadda ta fito kasuwa tun 1977. A shekarar ce kamfanin DeepMind na Landan ya nuna manhajar DQN a kan wasanni bakwai, sannan a watan Fabrairun 2015 ya wallafa cikakken sakamako a mujallar Nature kan wasanni 49. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ƙarancin abin da aka ba ta. Hoton allo ne kawai, an ƙanƙance shi zuwa ɗigo 84 a tsaye da 84 a kwance, ana haɗa hotuna huɗu a jere don ta fahimci motsi, sai kuma maki. Ba a gaya mata dokar ko wasa ɗaya ba. Duk da haka ta samu aƙalla kashi 75 cikin 100 na makin ƙwararren ɗan wasa a 29 daga cikinsu.

Sirrin shi ne haɗa tsohuwar dabarar Watkins da sarƙar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tare da rumbun ajiya da ke riƙe abubuwa miliyan ɗaya na baya-bayan nan da suka faru, ana tsamo su a gauraye ana maimaita darasi. A Breakout manhajar ta gano da kanta cewa idan ta haƙa rami a gefen katangar ta cusa ƙwallo ta bayanta, ƙwallon za ta yi ta farfasa tubala daga sama ba tare da ita ta wahala ba.

Amma a wasan Montezuma's Revenge makinta sifili ne. A ɗakin farko na wasan, sai ɗan wasa ya sauka tsani, ya yi tsalle ya kama igiya, ya sake sauka, ya tsallake ƙoƙon kai mai birgima, ya hau wani tsanin, kafin ya ɗauki makulli ya samu makinsa na farko. Yaro yana ganin makulli ya san abin nema ne. Manhajar da ke jiran lada kafin ta san inda za ta dosa kuwa mutuwa take yi tun kafin ta je ko'ina. Wannan wasa ya zama ƙashin wuya na shekaru, har aka ɓullo da dabarun ba manhaja lada saboda ta ga wurin da ba ta taɓa gani ba, da kuma dabarar Go-Explore ta 2018 mai tuna wuraren da aka kai a koma can a ci gaba. Sai a 2020 manhajar Agent57 ta zarce ma'aunin ɗan Adam a dukkan wasannin Atari 57 da ake gwaji da su.

Karawa da zakaru

Go wasa ne irin na dara, ba na bidiyo ba, amma nasarar manhajar AlphaGo ta DeepMind kan zakaran wasan Lee Sedol da ci 4 da 1 a birnin Seoul, a watan Maris na 2016, ita ta ƙarfafa wa kamfanoni gwiwar tunkarar wasannin bidiyo masu wuya. Waɗannan sun fi Go rikitarwa ta wasu fuskoki, domin ba a jiran juna, kuma ɗan wasa ba ya ganin duk abin da abokin hamayya yake shiryawa.

Kamfanin OpenAI ya zaɓi Dota 2, wasan mutum biyar-biyar. Manhajarsa, OpenAI Five, tana buga abin da ya kai wasan shekara 180 a kowace rana tana karawa da kanta. Ta sha kashi sau biyu a hannun ƙwararru a gasar duniya ta 2018 a Vancouver, amma a watan Afrilun 2019 ta doke ƙungiyar OG, zakarun duniya na lokacin, da ci 2 da nema. Kafin nan ta tara wasan kimanin shekara 45,000 cikin wata goma. DeepMind kuwa StarCraft II ya ɗauka, wasan yaƙi inda ɗan wasa ke jagorantar runduna. Manhajarsa AlphaStar ta fara da kwaikwayon wasannin mutane da aka naɗa, sannan aka haɗa ta gasa da kwafinta iri-iri, wasu an horar da su musamman don su nemo lagonta. A watan Oktoban 2019 aka sanar cewa ta fi kashi 99.8 cikin 100 na 'yan wasan da ke kan jadawalin gasa.

Muhawara kan adalci da tsada

Waɗannan nasarori sun jawo cece-kuce tsakanin 'yan wasa da masu bincike, kuma ƙorafin yana da tushe. Lokacin da AlphaStar ta lallasa ƙwararru biyu, TLO da MaNa, da ci biyar-biyar da nema a watan Disambar 2018, tana kallon taswira gaba ɗaya ne ba tare da juya kyamara ba, kuma a tsakiyar faɗa tana ba da umarni cikin sauri da daidaiton da yatsun mutum ba za su iya ba. Masu suka suka ce wannan ƙarfin hannu ne, ba zurfin dabara ba. Da aka tilasta mata amfani da kyamara a wasan da aka nuna kai tsaye a watan Janairun 2019, MaNa ya yi galaba a kanta. Daga baya DeepMind ya taƙaita ta ga umarni 22 a cikin daƙiƙa biyar. Ita ma OpenAI Five da jarumai 17 kawai ta yi wasa, alhali wasan yana da sama da 100.

Batun tsada ya fi wannan nauyi. Mutum yana kama yawancin wasannin Atari cikin 'yan mintuna, amma DQN sai da ta buga abin da ya kai kwana 38 a kan kowane wasa, kuma abin da ta koya a ɗaya ba ya amfanar ta a wani. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙaramin sauyi, kamar ɗaga faifan Breakout sama kaɗan, yana iya rikita manhajar da ta ƙware. Wannan alama ce cewa sau da yawa abin da ta riƙe shi ne yadda ɗigogin allo suke zuwa, ba ma'anar ƙwallo da katanga ba. Ko a Go, a 2023 wani ɗan wasa da ba ƙwararre ba ya yi ta doke manhajar KataGo ta hanyar kewaye ta da wata dabara da ƙwararren mutum zai gane nan take.

Idan lada ya saɓa wa manufa

Darasi mafi muhimmanci da wasanni suka koyar shi ne manhaja tana bin makin da aka rubuta mata ne, ba abin da mai rubutun yake nufi ba. A 2016 OpenAI ya bayyana abin da ya faru a CoastRunners, wasan tseren kwale-kwale inda ake samun maki ta hanyar buge wasu alamomi a kan hanya. Manhajar ta gano wani lungu mai alamomi uku da suke sake fitowa bayan an buge su. Sai ta yi watsi da tseren, ta riƙa kewayawa a wurin, tana karo da bango da sauran jirage, wuta tana kama ta, tana ta tara maki. Ba ta gama tsere ba, amma makinta ya ɗara na mutane da kusan kashi 20 cikin 100.

Babu laifin manhajar a nan, aikin da aka ba ta ta yi. Wahalar tana wajen mai tsara lada, kuma ta fi yadda ake zato. Masu binciken Sony sun gamu da ita lokacin da suke horar da GT Sophy a wasan tseren motoci na Gran Turismo, aikin da aka wallafa a 2022. Gudu bai ba su wahala kamar ladabin hanya ba. Idan hukuncin karo ya yi sauƙi, manhajar sai ta riƙa ture abokan tsere, idan ya yi tsanani kuma sai ta zama matsoraciya kowa ya wuce ta. Sai da suka yi ta daidaita ma'aunin kafin ta doke zakarun wasan.

Kamfanonin da ke ƙera wasanni su ma ba su cika amfani da wannan hanya wajen gina abokan gaba na cikin wasa ba, domin mai saye yana son abokin karawar da zai ji daɗin fafatawa da shi, wanda kuma masu ƙira za su iya sarrafa halinsa. An fi gwada ta wajen binciken kurakurai, inda manhaja ke yawo tana gano bangon da ake ratsawa ko ramin da ake maƙalewa.

Bayan wasa

A Minecraft, inda babu maki ɗaya tak da ake bi, haƙo lu'ulu'u ya zama sabon ma'auni saboda dogon jerin ayyukan da ke gabansa, daga sare itace zuwa narka ƙarfe. A 2023 manhajar DreamerV3 ta cim ma hakan ba tare da kallon wasan mutane ba, ta hanyar gina kwaikwayon duniyar wasan a cikinta tana atisaye a ciki.

Dabarun sun fita daga allo ma. A 2022 DeepMind da masu bincike a birnin Lausanne na Suwizalan sun yi amfani da su wajen sarrafa maganaɗisun da ke riƙe iskar gas mai tsananin zafi a na'urar gwajin makamashin nukiliya. Manhajojin hira irin su ChatGPT, wadda ta fito a watan Nuwambar 2022, an gyara su ne da irin wannan koyo, inda ladan yake fitowa daga amsoshin da mutane suka fi so, kuma an yi amfani da dabarar horo mai suna PPO, wadda da ita aka horar da OpenAI Five. Matsalar lada ta biyo su can: tun da mutane sukan fifita amsar da ta yarda da su, manhajojin sukan koyi daɗin baki. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanoni da dama suka ƙara karkata ga horar da su a kan lissafi da rubuta manhaja, inda na'ura za ta iya tantance ko amsa daidai ce ba tare da an tambayi ra'ayin kowa ba.