Idan layi ya cushe, kiran wa ake fara sakawa?

Bayan girgizar ƙasa ko tashin bam, za ka ga sabis cike a fuskar waya, amma kira ya ƙi shiga. Kowace eriyar sabis tana da iyakar kiran da za ta iya ɗauka a lokaci guda, kuma ba a gina ta don ranar da kowa zai nemi ɗan'uwansa a minti ɗaya ba.

Ƙa'idar da ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula, ta shimfiɗa wa kamfanonin waya ta kasa layuka aji-aji. Layin kowane mutum yana faɗawa cikin aji 0 zuwa 9, kamar an yi ƙuri'a, babu wane da wane. Aji 11 zuwa 15 na ma'aikatan kamfanin ne da jami'an tsaro da masu kula da ruwa da gas da masu agajin gaggawa. Aji 10 kuwa na kiran gaggawa ne kansa, ko wa ya danna. Idan cunkoso ya yi ƙamari, eriya tana iya gaya wa wasu ajujuwa su dakata, a bar ƙofar aji 10 a buɗe. Shi ya sa lambar gaggawa ta 112 kan shiga a lokacin da lambar gida ta ƙi.

A Amurka, jami'in da aka yi wa rajista a tsarin WPS, wanda ke ba kiran jami'ai fifiko mataki-mataki, yana danna *272 kafin lambar da yake nema, sai a tura shi gaban masu jira. Da can jira yake yi har wani ya kashe waya. A 2022 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yarda masu manyan matakai biyu na tsarin su katse kiran da ake cikin yi, amma ban da kiran gaggawa na 911, wannan ba mai taɓa shi.

Rufe wa jama'a layi gaba ɗaya kuwa, a ganina, wuƙa ce mai kaifi biyu. Ranar 7 ga Yulin 2005, da aka kai hare-hare a Landan, 'yan sanda sun sa kamfanin waya na O2 ya rufe wa sauran mutane layi a kewayen tashar jirgin ƙasa ta Aldgate. Sai ga shi wasu masu aikin ceton su ma ba su da layin da aka yi wa rajista, wayoyinsu suka yi shiru tare da na kowa. Daga baya Birtaniya ta ajiye wancan tsari mai suna ACCOLC, ta kawo wani sabo mai suna MTPAS.