Brudet

Brudet miyar kifi ce ta mutanen gaɓar tekun Adriyatik a ƙasar Kuroshiya, musamman yankunan Dalmatiya, Istriya da Kvarner. Wasu garuruwan suna kiranta brodet, wasu brujet. Sunan ya samo asali daga kalmar Italiyanci brodetto, wato ɗan romo, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Jamhuriyar Benis, wadda birninta ke cikin Italiya a yau, ta mulki yawancin wannan gaɓa tsawon ƙarnuka har zuwa shekarar 1797. A tsallaken tekun, garuruwan Italiya irin su Ancona da Fano suna da nasu brodetto, haka tsibirin Korfu na Girka yana da bourdeto.

Asalinta abincin masunta ne. Kifin da ya yi kyau a kai kasuwa, wanda ya rage, ƙanana da masu ƙaya da waɗanda raga ta yi wa rauni, shi ake zubawa a tukunya. Daga nan ne ƙa'idar miyar ta fito: ba a yin brudet na kirki da kifi iri ɗaya. Aƙalla a haɗa iri uku.

Kifin da ake zaɓa

Wanda ya fi daraja shi ne škarpina, jan kifi mai ƙaton kai da ke zama cikin duwatsun teku. Ƙayoyin bayansa suna da dafi, saboda haka da almakashi ake datse su kafin a fara gyara. Sai ugor, dogon kifi mai siffar maciji, wanda fatarsa ke sakin danƙo. Ana ɗaukar ɓangaren da ke kusa da kai, domin wutsiyarsa cike take da ƙananan ƙayoyi. Akwai kuma grdobina, mai tsoka mai tauri da ba ta saurin narkewa. Wasu suna ƙara jatan lande ko ƙaguwa.

Kai da fata da ƙashi ba abin yarwa ba ne a nan. Su ne ke ba romon kauri, tunda ba a sa gari ko wani abin ɗaure miya. Wanda ya dafa da zallar tsoka zai tarar da miyarsa ta tsinke, ta zama ruwan tumatir da kifi yana yawo a ciki. Brudet ɗin da ya yi daidai, in ya kwana ya huce, romonsa daskarewa yake yi.

Yadda ake dafawa

Ga mutum biyar zuwa shida ana buƙatar kifi kilo ɗaya da rabi, albasa manya 3, man zaitun kamar mililita 100, tafarnuwa ƙwaya 4, nunannen tumatir giram 400, ruwan khal cokali 2 zuwa 3, faski, gishiri, masoro da ganyen ƙamshi da suke kira lovor. Gidaje da yawa suna sa giyar inabi, amma khal, wanda mutanen Dalmatiya ke kira kvasina, tsohon mahaɗi ne a wannan miya kuma shi kaɗai ma ya wadatar.

A kankare kifin, a cire kayan ciki da jajayen abin numfashin da ke cikin kansa, domin su ne ke kawo ɗaci. A wanke jinin da ke manne a ƙashin baya, a yanka manya-manya, a barbaɗa gishiri. Tukunya mai faɗi ake so, ba mai zurfi ba, yadda kifin zai kwanta ba tare da an jibga wani kan wani ba.

Albasa ita ce ginshiƙi. A yanka ta ƙanana, a soya a wuta kaɗan na minti 15 zuwa 20, har ta yi laushi ta kusa narkewa, ba tare da ta yi baƙi ba. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga albasa tana yawo a romo, wanda kuma ya bari ta ƙone ba abin da zai fitar da ƙaurin. Sai tafarnuwa na ɗan lokaci, sai tumatir ya soyu har tsaminsa ya ragu. A jera kifi, masu tauri a ƙasa, masu laushi a sama, a zuba khal, a ƙara ruwa iyakar yadda zai kai saman kifin, ba ya shanye shi ba.

Daga nan ludayi ya gama aikinsa. Ba a juya brudet. Ana kama tukunyar da hannu biyu a girgiza ta a hankali hagu da dama, lokaci zuwa lokaci, don kada ta kama a gindi. Juyawa sau ɗaya ya isa ya dagargaza kifin, ƙayoyi su bazu cikin miyar. Ba a kuma rufe tukunyar, domin ruwan ya riƙa raguwa. Wutar ta zama mai laushi, miyar na ɗan motsi kawai, na kimanin minti 45 zuwa awa ɗaya. Jatan lande a minti goma na ƙarshe yake shiga, in ba haka ba ya yi tauri. Bayan an sauke a bar ta ta huta kafin a zuba.

Da palenta ake ci, wadda a wasu wurare ake kira pura. Tuwon masara ne na tsakin garin masara rawaya: awo ɗaya na gari ga awo huɗu na ruwa, a riƙa barbaɗawa cikin tafasasshen ruwan gishiri ana tuƙawa don kada ya yi gudaji, a dafa kamar minti 40.

Bambancin yankuna

A kwarin kogin Neretva, wajen garuruwan Opuzen da Metković, inda ƙasar fadama ce, ana yin brudet da kifin jegulja mai siffar maciji haɗe da kwaɗi, kuma suna sa barkono mai zafi, abin da ba a saba da shi sosai ba a sauran gaɓar. A tsibirin Hvar akwai 'yar'uwarta gregada, wadda fara ce, babu tumatir, sai farin kifi da dankali da albasa da tafarnuwa. Hvar da Brač su ne tsibiran da suka wakilci Kuroshiya lokacin da UNESCO ta sa ƙasar cikin jerin masu al'adar abincin Bahar Rum a 2013. A jajibirin Kirsimeti kuwa, gidaje da dama suna yin brudet da bakalar, busasshen kifin Norwe irin wanda ake shigowa da shi kasuwannin Najeriya, bayan an jiƙa shi kwana biyu ko uku ana sauya ruwan.